Idan majinyaci ya ce "na gaji": amsa daga Kumasi

Ƙanwata, tambayarki ta iso, kuma na ji fargaba a cikinta. Kin ce ana raɗe-raɗi a Kano wai nan Gana tsarin Turawa muke bi, idan mai ciwon daji ya roƙi allurar da za ta raba shi da duniya, nas sai ta yi masa. Ba a yi. Holan da Beljiyam sun halatta hakan a 2002, Kanada a 2016, amma dokar laifuka ta Gana ta 1960 har gobe tana hukunta wanda ya taimaki wani ya kashe kansa. Gyaran da majalisa ta yi a 2023 ya shafi wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ne kawai: an daina gurfanar da shi a kotu, mai buƙatar magani ake ɗaukarsa.

Roƙon kuwa ana yin sa, ba zan ɓoye miki ba. Mutumin Asante ya ce "mabrɛ", namu na unguwannin Aboabo da Sabon Zango ya ce "na gaji", duk magana ɗaya ce. Da yake Hausa ce harshen zango, wato unguwannin baƙi Musulmi, Bamoshe da Bazabarme da Badagombe duk ita suke ji, ni abokan aiki a asibiti kan kira in yi tafinta, don haka a kunnena maganar take fara sauka.

Wani tsoho ɗan kasuwar goro, ciwon ya ci ƙashinsa, ya taɓa riƙe mini hannu wajen ƙarfe biyun dare ya ce, "'Yata, ba ki da allurar da za ta gama wannan?" Ban ja masa aya ba, ya fi ni sanin "wa la taƙtulu anfusakum", wato kada ku kashe kanku. Na jawo kujera, na jiƙa auduga na shafa masa a leɓe, na ce, "Baba, me ya fi yi maka nauyi?" Abu biyu ne. Zafin da ba ya barinsa ya runtsa, da keken ɗinkin da 'yarsa ta sayar don sayen magani, saboda katin inshorar lafiya ba komai yake biya ba. Ba mutuwar yake so ba, kunyar zama kaya ce ta dame shi.

Na farko aikinmu ne. Likita ya rubuta mofin na sha, maganin kashe zafi mai ƙarfi, duk bayan awa huɗu. Sai da na zauna da iyalinsa, don mutanenmu na tsoronsa, suna cewa maganin sallama ne. Na nuna musu ma'aunin, na ce don kashe zafi ake ba da shi, ba don kashe mutum ba. Na biyun kuwa aikin zango ne. Liman ya faɗa bayan sallar asuba ba tare da tozarta kowa ba, aka yi karo-karo, matan unguwa suka raba kwanan jinya, wata ta kawo koko, wata ta wanke zannuwa. Malaminsa ya tuna masa addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar a madadin fatan mutuwa: Allah ka raya ni idan rayuwa ta fi mini alheri, ka ɗauke ni idan mutuwa ta fi.

Inda nake faɗa da mutanenmu shi ne ɓoye wa majinyaci ciwonsa. Su ja ni gefe su ce, "Hajiya, kar ki fassara masa wannan." Na san tausayi ne, amma mutum yana da bashin da zai biya, da wasiyya, da waɗanda zai nemi yafiyarsu. Idan ya tambaye ni, ba na yi masa ƙarya, sai dai in faɗa a hankali, gwargwadon abin da yake son ji.

Baban nan da ya ji gaskiya cewa ya yi a mayar da shi gida. Likita ya amince, malamai ma suka ce dakatar da maganin da ya daina amfani daban, kisa daban. Ya tafi da kwalbar mofin ɗinsa, ya yi kwana goma sha ɗaya a ɗakinsa, ya sa aka fanso wa 'yarsa kekenta, sannan aka kai shi maƙabartar Tafo.