Gyaran Banɗaki da Hannunka: Kafin Ka Sayi Tayil

Tambaya: Assalamu alaikum. Bangon ɗakin da ke jikin banɗakinmu ya jiƙe, fenti sai zubewa yake yi. Kuɗin ma'aikata ya fi ƙarfina, shi ya sa nake so in manna tayil da kaina. Wane iri zan saya? Daga wani magidanci a Rijiyar Zaki, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Don Allah ka dakata da sayen tayil tukuna. Bango ba ya jiƙewa haka siddan: ko faif ɗin da aka binne ya tsage, ko gam ɗin mahaɗarsa ya saki, ko ruwan wanka ne ke kwanciya a ƙasa bango yana sha. In ka rufe shi a haka, ruwan zai ci gaba da ci ta ciki, wata rana ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana amo kamar ganga. Ga kuɗi ya tafi, ga aiki ya dawo sabo.

Cika tankinka da daddare, ka rufe duk famfunan gida, ka yi alama a inda ruwan ya tsaya. In da safe ya sauka, akwai yoyo. Wannan aikin filamba ne, kuma shi ne inda nake so ka kashe kuɗinka ba tare da ƙyashi ba. Bayan ya gyara, kada a shafe da siminti sai an saki ruwa ya kwana a faif, ka shafa kowace mahaɗa da hannunka ka ji ta a bushe.

Fasa tsohon daɓe, kwashe ɓaraguzai, fenti, cike tsakanin tayil da farin siminti, duk za ka iya. Tayil ɗin bango ma za ka iya in kana da haƙuri da ma'aunin lebur. Ƙasa ce mai wuya, domin sai ta gangara wajen santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana. In ka ba wani aikin ƙasar, kafin ka sallame shi, ka kwara bokiti guda ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa.

In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari, tayil na ƙasa ka nemi mai kaushi, ƙarami kamar santimita 30 da 30, ya fi bin gangara. Ka jiƙa shi a shagon ka goga tafin hannu. In ya yi santsi, bar shi komai kyansa, akwai yara da tsofaffi a gida. Ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awonka saboda yanka da fashewa, ka kuma duba lambar kwalayen ta zama ɗaya, don launi kan saɓa.

Tambaya: Surukata na fama da ciwon gwiwa, muna so mu sauya masai na tsuguno da na zama. Maigidana zai iya? Daga wata uwargida a Hotoro.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri. Kafin a je kasuwa a duba ta ina faif ɗin masai mai inci 4 ya fita, ta ƙasa ko ta bango, domin masan zama iri biyu ne, kuma ba kowane mai shago ke karɓar kaya in sun fita ba. Haɗa shi da faif ɗin sokawe a bar wa filamba, in ba haka ba wari zai addabe ku. Tunda an fasa, a juya shi kudu ko arewa, kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Maigida ya kafa ƙarfen dafawa a bango daidai hannun Hajiya, da famfon tsarki kusa, yadda ba sai ta sunkuya ɗaukar buta ba.