Amsa: Bankin tarayya a Amurka zai koma hannun jiha, me hukumar jiha ke dubawa?

Malam, ka ce bankinka ya turo takarda cewa zai bar lasisin tarayya ya karɓi na jiha, kana tambaya ko gudun bincike yake yi. Ba lallai ba ne. Frost Bank na Texas ya yi haka a 2012, yana nan lafiya lau. Galibi kuɗin duba da OCC, hukumar bankunan tarayya, ke karɓa sau biyu a shekara ne ke yi wa bankuna nauyi, ga shi kuma kwamishinan bankuna na jiha ya fi saurin samuwa.

OCC ba ta da ta cewa a kan fitar, sanar da ita kawai ake yi. Amma sai rinjayen daraktoci sun amince, sannan masu kashi biyu cikin uku na hannun jari. Za a buga sanarwar taron masu hannun jari a jarida mako huɗu a jere. Mai hannun jarin da ya ƙi yarda yana da kwana 30 ya nemi a biya shi darajar hannun jarinsa, mutum uku ne ke yanke farashin.

Aikin gaske yana wajen jiha. Kafin ta ba da lasisi takan tura masu bincike su zauna a bankin, sau da yawa tare da FDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, ko Babban Bankin Amurka, domin ɗayansu ne zai zama mai sa ido na tarayya daga baya. Suna buɗe fayilolin bashi ɗaya bayan ɗaya, su ga ko abin da aka ware don bashin da ba zai dawo ba ya kai. Suna duba jari, tarihin daraktoci, tsarin hana halatta kuɗin haram, da rahotannin OCC na baya. A nan ake yawan tuntuɓe: tarayya ta kayyade bashin mutum ɗaya a kashi 15 cikin 100 na jari, da ƙarin 10 in akwai jingina mai saurin sayuwa, ita kuwa kowace jiha da nata ma'aunin, sai an sake lissafi.

Banki mai laifi kuwa an toshe masa hanya tun 2010. Sashe na 612 na dokar Dodd-Frank ya hana bankin da ke ƙarƙashin umarnin ladabtarwa ko yarjejeniyar gyara babbar matsala sauya lasisi, sai sabuwar hukumar tarayya ta gabatar da tsarin gyara kuma OCC ba ta ƙi ba cikin kwana 30.

Inshorar ajiyarka ta dala 250,000 tana nan. "N.A.", alamar bankin tarayya, ne zai fita daga sunan bankin, ƙorafinka kuma jiha za ka kai, ba OCC ba. Ka dai karanta shafin caji a takardar, don wasu dokokin jihar da bankin tarayya ke tsallakewa yanzu za su hau kansa.