Antikor na zomo ko monokilonal: wanne zan saya?

Tambaya: Malam ina wuni, ni ɗalibar masta ce a nan Yamai, ina aiki a kan CD14 da TLR4, wasu furotin biyu na ƙwayoyin garkuwar jiki, ina so in gan su a yankan naman da aka jiƙa a formol, ruwan maganin adana nama, daga baya kuma in ƙirga ƙwayoyin jini a injin sitometiri. Kuɗina kaɗan ne, an ce mini antikor polikilonal ya fi araha. In saye shi ya yi mini duka biyun?

Amsa: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya kar ki ɗora masa aiki biyu. Shi polikilonal ana yi wa zomo ko akuya allurar furotin ɗin ne, a jira jikinsa ya yi martani ya fitar da antikor, wato sinadarin garkuwar jiki da ke kama baƙon abu, sai a ɗebi jini a tace, to abin da ke cikin kwalbar antikor ne iri iri, kowane na kama wani gefe daban na furotin ɗin, shi ya sa yake da amfani a naman formol, don formol yana rufe wasu wuraren kamawa, in wannan bai samu wuri ba wancan zai samu. Amma wannan yawan ne kuma yake sa shi kama abin da ba a aike shi ba, balle TLR4 da ke da dangi masu kama da shi. Ki duba takardar kamfanin, in sun gwada shi a ƙwayoyin da aka cire wa TLR4 kuma bai nuna komai ba, to wannan ne na saye, in kuwa hoto ɗaya kawai suka liƙa ki wuce.

Na sitometiri kuwa ki nemi monokilonal wanda aka liƙa wa launi mai haskawa, FITC ko PE. Shi monokilonal, da masu bincike Köhler da Milstein suka fara yi a Ingila a 1975, antikor ne iri ɗaya tak, wuri guda yake kamawa, ƙirgarki za ta fi tsabta.

Abin da ya fi damuna da ɗalibanmu shi ne saye kaɗan kaɗan. Jinin zomo ɗaya yana ƙarewa, kwalbar da za ki sake odarta wataƙila daga wani zomon take, sakamako ya canza a tsakiyar memuwar. Ki lissafa duk abin da kike buƙata ki saya lokaci guda, ki rubuta lambar rukunin a littafin labo. Kuma don Allah kar kaya su iso a Afrilu ko Mayu ba ki shirya ba, zafi na wuce digiri 40, ki gama takardun duwan tun kafin jirgi ya sauka. Da polikilonal ɗin ya zo hannu ki raba shi ƙananan tub ki sa a firiza -20, narkewa da sake daskarewa ne ke lalata shi, kin san kuran na ɗaukewa. Mai launin kuma ba a daskarar da shi, firigo digiri 4, a nannaɗe shi da takardar alminiyam saboda haske.

Tambaya: Daga Tawa nake, aikin dabbobi nake yi, antikor na CD4 ɗin mutum, furotin ɗin da ke kan wasu fararen ƙwayoyin jini, zai yi a kan awaki?

Amsa: Ɗan'uwa kar ka dogara da haka sai in takardar ta ambaci akuya ko tunkiya, ko ka roƙi ƙaramin samfuri ka gwada tukuna. Kuma ka guji wanda aka yi a jikin akuya, don antikor na biyu, wanda ake sawa ya kama na farkon ya nuna inda yake, zai kama har na akuyar da kake bincike, gilashin gwajin duk ya rine. Na zomo za ka nema.