Tambayoyinku: Lambar sirri da kwamfutar masu shayi

Tambaya: Malam, wai da gaske kamfanin shayi ne ya fara sa kwamfuta aikin kasuwanci? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Da gaske ne. J. Lyons na Ingila, masu shagunan shayi da gidajen gasa burodi, su suka ƙera kwamfutar da ake kira LEO. A 1951 ta fara yi musu lissafin kayan da suke gasawa, a 1954 ta kama lissafin albashi.

Tambaya: Malam, lambar sirrin wayata huɗu ce, kowacce daban, amma ƙanina ya buɗe ta ban faɗa masa ba. Ya aka yi? (Wata baiwar Allah daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ba tsafi ya yi ba, ke kika bar masa sawu. Karkata wayar ga haske, za ki ga maiƙon yatsa a wurare huɗu. Daga 0000 zuwa 9999 akwai lambobi 10,000. Amma da ya gane huɗun da kike taɓawa, jerinsu kawai ya rage: 4 sau 3 sau 2 sau 1, wato 24. Ko wayar tana sa shi jira bayan kuskure, wanda kuke kwana gida ɗaya yana da lokaci.

Da kin maimaita lamba ɗaya, sawu uku zai gani, kuma aikin ya ƙaru masa. Bai san wacce aka maimaita ba cikin ukun, kowacce kuma tana da jeri 12. Jimilla 36 ke nan.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu sa shekarar haihuwa. Shekarun haihuwar duk masu rai ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, taki kuma tana kan katin shaida, cikin jakar da wayar take! Huɗun ma ba don tsaro aka zaɓe su ba. John Shepherd-Barron, wanda ya yi na'urar cire kuɗin da bankin Barclays ya kafa a Landan a 1967, ya ce lambar sirri mai lamba shida ya so, matarsa ta ce huɗu kawai take iya riƙewa. Ni shida nake sawa, hanyoyi miliyan ɗaya, kuma ina goge gilashin da gefen riga. Ki yi haka yau.

Tambaya: Me ya jawo fargabar kwamfuta ta 2000? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Tsimin wuri. Katin huji na kamfanin IBM, wanda a da ake hudawa don shigar da bayanai cikin kwamfuta, gurbi 80 gare shi, sai aka riƙa rubuta 65 a maimakon 1965. Aka ji tsoron kwamfuta ta ɗauki 00 a matsayin 1900.