Dabo, sihiri ko algus: wane suna ya dace da wasan talabijin?

Wani mai karatu daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto: "Malam, mun kalli wani mai wasa a talabijin ya lulluɓe mace da mayafi, ya yaye babu kowa. Abokina ya ce sihiri ne, ni na ce aikin kyamara ne. Me Hausa ke kiran wannan, kuma akwai laifi a ciki?"

Ɗan'uwa, Faransancin makaranta ne ya rikita ku, domin kalmar "magie" jaka ce da ake zuba komai a ciki. Hausa ta rarrabe. Dabo shi ne saurin hannu da kayan aikin da aka shirya tun a gida: akwati mai gindi biyu, ko tsabar dala ashirin da aka maƙale a tafin hannun dama alhali idonka na bin na hagu. Siddabaru ɗan'uwansa ne, sai dai ya fi ɗaukar zargi, shi ya sa ake jingina shi ga lissafin ɗan kasuwar da ba a yarda da shi ba. Rufa-ido kuwa sunansa ya bayyana shi: abin yana nan, kai ne aka hana gani. Sihiri aro ne daga Larabci, kuma hukuncinsa na malaman addini ne. Amma dubi aya ta 116 a Suratul A'araf, inda aka ce matsafan Fir'auna sun sihirce idanun mutane. Ko a can, ido aka yi wa aiki.

Mai dabo na kasuwa yana da yarjejeniya da 'yan kallo, ko da ba a furta ba: zan ruɗe ku, ku kama ni in kun iya. Kun kewaye shi, yaro na iya leƙa bayansa. Gwanintarsa ake biya.

Kyamara ta zo da wata hanya. A 1896 Bafaranshen nan Georges Méliès, wanda shi kansa mai dabo ne a Faris, ya ɗauki fim na ɓacewar mace a kan kujera. A dandamali, ƙofar ɓoye ce a daɓe matar ke bi ta sauka ƙasa. Shi kuwa sai ya tsayar da kyamara, matar ta tashi ta fita, ya ci gaba da ɗauka, daga baya aka haɗe bakin fim ɗin. Ban ga laifinsa ba, fim ya ce zai yi, fim ya yi. Laifin yana farawa ne ranar da mai wasa ya dubi kyamara ya ce abin da kuke gani a gida shi mutanen zaure ke gani, alhali an yanke an liƙa. Nan kalmar da na fi so ita ce algus. Mai nonon da ta ƙara ruwa ba ta sayar maka da guba ba, ta dai karɓi kuɗin nono a kan ruwa. Haka wanda ya karɓi tafin gwanintar hannu a kan aikin mai tace hoto. In kuma 'yan kallon da ke ihu an shirya da su, wannan haɗin baki ne. In ya ɗauki bidiyon ya nuna wa mai neman magani yana cewa aljanu ke masa aiki, an bar maganar wasa, an shiga damfara.

Ba kowane yanka ne algus ba. Wasan minti arba'in da aka taƙaita zuwa goma, an cire tari da jiran mai sa kai, bai taɓa dabarar ba. Ma'aunin shi ne: da ka zauna a zauren, za ka ga matar ta ɓace?

Wata malamar makaranta daga Kusiri kuma ta tambaya ko karin maganar "gani ya kori ji" tana da sauran amfani a zamanin bidiyon WhatsApp.

Malama, tana da shi, in an tuna ganin da ake nufi. Bahaushe ya yi maganar ne a kan ganin ido da ido, inda kai ka zaɓi wurin tsayawa. A talabijin wani ne ya zaɓar miki kusurwa da lokaci, sai ganin ya zama ɗan labari, wato ji ne sanye da rigar gani. Tashoshinmu na nuna hoto 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma tsakanin hoto da hoto ana iya ɓoye rabin awa.

Ga abin da za ki nuna wa ɗalibai. A rage saurin bidiyon, a bar kallon hannun mai wasa, a kalli abin da bai damu da shi ba. Inuwa kan yi tsalle in a waje aka ɗauka, domin rana ba ta jira. Ruwan kofi kan ragu ba wanda ya sha, ninkin mayafi kan sauya. Hayaƙi ko ƙura na komawa inda suka fito alama ce an juya bidiyon baya. Koren ƙyallen da ake ratayawa a bayan mai wasa sannan a goge shi da kwamfuta kan bar ɗan kore-kore a gefen gashi da kunne. Mafi yawa dai ba sa wahalar da kansu haka: daidai lokacin da abin zai faru sai kyamara ta koma kan fuskar wata mai riƙe baki, ta dawo an gama. A ƙirga sau nawa aka sauya kusurwa daga lulluɓe matar zuwa yaye mayafin. In sau ɗaya ma aka sauya, bidiyon bai isa shaida ba, ko da mai wasan gwani ne na gaske.