Ɗana Bai Daɗe da Zuwa Amurka Ba, Wane Sauƙi Za a Yi Masa a Jarrabawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kawo ɗanmu daga Maraɗi zuwa Bronx a watan Satumba, yana aji shida. Can gida bokon Faransanci ya yi, a cikin gida kuma Hausa muke yi. Lissafi ba ya ba shi wahala, amma Turancinsa bai nuna ba tukuna. An ce mana akwai jarrabawar jiha a watan Afrilu. Haka za a zaunar da shi da 'yan ƙasa ba wani taimako? Kuma zan iya neman a fassara masa da Hausa?
Daga wata uwa, Bronx, Niyok

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zai zauna jarrabawa, amma ba hannu rabbana ba. Dokar ilimi ta tarayya mai suna ESSA, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta wajabta wa kowace jiha ta gwada yara a karatun Turanci da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Ita dai dokar ce ta ce a yi wa masu koyon Turanci sauƙin da ya dace, don takarda ta nuna abin da yaro ya sani a darasin, ba ƙarfin Turancinsa kaɗai ba.

Ki fara da tabbatar da cewa makaranta ta rubuta shi cikin jerin masu koyon Turanci. Ranar rajista an ba ki takarda mai tambayar harshen da ake yi a gida, kuma da ita ake dogara a yi wa yaro gwajin Turanci na farko. Iyaye da yawa sukan rubuta Turanci kawai a wurin, don gudun kada a raina ɗansu. Wannan ya kan jawo ba a gwada yaron ba, sunansa bai shiga jerin ba, ranar jarrabawa kuma babu wani sauƙi da zai samu. In haka ta faru gare ki, ki je ofishin makaranta tun yanzu ki nemi a sake duba lamarin.

Tunda bai cika wata 12 a makarantun Amurka ba, ana iya ɗauke masa jarrabawar karatun Turanci sau ɗaya tak. Ba a ɗauke lissafi. Akwai kuma gwajin auna ci gaban Turanci da ake yi wa duk masu koyo kowace shekara, shi ma ba makawa.

A lissafi da kimiyya, jihar Niyok ta yarda da ƙarin lokaci, da zama a ɗaki dabam cikin ƙaramin rukuni, da ƙamus mai harshe biyu, da takardar da aka fassara, da tafinta, da kuma rubuta amsa da harshen da yaro ya fi iyawa idan da fassara ya yi jarrabawar. Jihar takan buga takardun da Sifaniyanci, Sinanci, Larabci, Rashanci, Koriyanci, Bengali da Kiriyol na Haiti. Babu Hausa a ciki. Harshen da ba a buga ba, tafinta ne ke karanta wa yaro tambayoyin da baki, kalma da kalma, ba bayani, ba misali, ba nuni da ido.

To, a nan ne muke so ki tsaya ki yi tunani, domin nan iyaye suka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Ba harshen da yaro ke hira da shi ake dubawa ba, harshen da ya koyi darasin da shi ake dubawa. Ɗanki ya koyi raba lamba da lissafin kusurwa da Faransanci. In tafinta ya karanta masa da Hausa, zai ji kalmomin da bai taɓa haɗa su da allo ba, shi kansa tafintan kuma yana iya ƙirƙirar kalma nan take, ya kauce wa ma'anar tambayar. Shawararmu ita ce ki nemi tafintan Faransanci da ƙamus na Turanci da Faransanci. Haka abin yake ga yaron da ya zo daga Kano ko Kumasi ya yi boko da Turanci: sau da yawa ƙarin lokaci da ɗaki mai shiru sun fi masa amfani a kan fassara, musamman in bai saba karanta Hausar boko ba.

Ƙamus ɗin ma da sharaɗi. Dole ya zama na kalma da takwararta kawai, ba mai bayanin ma'ana ko zane ba, kuma ba na'ura mai shiga intanet ba. Wanda ya zo da babban ƙamus mai bayani, za a karɓe shi a bakin ƙofa. Ki kai naku makaranta makonni kafin ranar, a duba a amince. Sannan ya riƙa aiki da shi a aji da aikin gida tun daga yau. Yaron da aka miƙa wa ƙamus ranar jarrabawa yakan ƙare lokacinsa yana buɗe shafuka, ya bar tambayoyin ƙarshe fayau. Shi ya sa ƙamus ba ya tafiya sai da ƙarin lokaci. Ki koya masa ya karanta tambaya gaba ɗaya tukuna, ya nemi kalma ɗaya ko biyu da suka tare masa hanya, ya wuce.

Akwai kuma tarkon da babu ƙamus ɗin da zai cire shi, sai atisaye. A bokon Faransanci ana rubuta uku da rabi 3,5, a Amurka kuwa 3.5, waƙafi kuma dubbai yake rabawa, kamar 1,500. Yadda ake jera dogon rabawa a takarda ma ya bambanta. Awo kuma da inci da ƙafa da fam ake yawan yinsa, ba mita da kilo kaɗai ba. Ki roƙi malaminsa tsofaffin tambayoyin da hukumar ilimi ta jihar ke saki, su yi su tare, a kan kwamfuta in a kwamfuta za su rubuta.

In za ki je makarantar, ki nemi ganin malamin da ke kula da masu koyon Turanci, ki ce a rubuta miki sauƙin da aka tanadar wa ɗanki a kowace jarrabawa. Ki nemi makaranta ta kawo miki tafinta don wannan zaman. Kada ki mai da yaron tafintanki a maganar da ta shafe shi.

Tambaya: 'Yata tana aji goma sha ɗaya. Bara aka ce ta ƙware, aka fitar da ita daga ajin koyon Turanci. Ke nan ta rasa ƙarin lokaci? Kuma ina tsoron kada jami'a ta ga kamar alfarma aka yi mata.
Daga wani uba, Harlem

Amsa: Malam, ba ta rasa ba tukuna. A Niyok ɗalibin da ya fita daga jerin yana da damar samun wannan sauƙi har shekara biyu bayan fitarsa. Jarrabawar Regents, wato jarrabawar jiha ta 'yan babbar sakandare, awa uku ce, to in aka ba ta lokaci da rabi, awa huɗu da rabi ke nan. Makarantu sukan manta da irin waɗannan ɗalibai saboda sunansu ya bar jerin, don haka kai ne za ka tuna musu kafin zaman Janairu ko na Yuni. A takardar Turanci ba a fassara komai, domin Turancin ne ake aunawa, amma ƙarin lokaci da ƙamus na kalma da kalma suna nan.

Batun alfarma kuwa, ka kwantar da hankalinka. Tambayoyin ba su canja ba, ma'aunin maki bai canja ba. Tun 1974, a shari'ar Lau da Nichols wadda iyayen yara 'yan asalin Sin suka shigar a San Faransisko, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa ba yaro littafi da malami iri ɗaya da na kowa, alhali ba ya jin harshen, ba daidaito ba ne.

SAT da ACT, jarrabawowin neman shiga jami'a, dabam suke, domin ba jiha ce ke shirya su ba, kuma shekara biyun nan ba ta ɗaure su ba. ACT ta fara ba masu koyon Turanci sauƙi a 2017: ƙarin lokaci da bai wuce rabi ba, ƙamus daga jerin da ta amince da shi, umarnin jarrabawa a fassare, da zama cikin ƙaramin rukuni. Ta hannun makaranta ake nema, da takardun shaida, kuma akwai ranar rufewa. Ka sa ta ga mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu kafin ta biya kuɗin rajista, ya duba ko matsayinta na yanzu ya cika sharuɗɗansu.