Muryar bos a tsohon fim ɗin Cainis

Sani, ka tambaye ni abin da ya sa na ce ka goge muryar da ka ɗora wa bos ɗin Dragon Inn, alhali a ganinka ta yi kauri, ta ba da tsoro. To ai kaurin ne ya ɓata ta. Ka ba shi muryar shugaban 'yan daba, shi kuwa mutumin fada ne, kuma ɗaya daga cikin babanni, wato dandaƙaƙƙun bayin sarki. Wanda hatimin sarki ke hannunsa ba ya buƙatar ɗaga murya. A hankali yake magana, da sanyi, kamar mai gajiya da mutane, sai na gabansa su zube.

Kafin ka kusanci makirfo a irin wannan fim, ka san wane ne a saman wane. Darakta King Hu ya yi fim ɗin a Taiwan a 1967, amma labarin na 1457 ne, zamanin daular Ming. A 1449 Mongol suka kama sarkin Sin a wajen yaƙi. Yu Qian, ministan yaƙi, shi ya tsaya ya kare Beijing, aka naɗa ƙanen sarkin. Da tsohon sarki ya dawo, ya ƙwace gadonsa a 1457, sai aka kashe Yu Qian. Daga nan fim ya ɗauka: an kori 'ya'yan Yu Qian zuwa bakin iyaka, bos ya tura mutanensa su tare su a wani masauki su gama da su. Mutanen nan ba 'yan fashi ba ne, ma'aikatan gwamnati ne. Ofishin leƙen asirinsu na gaske ne, an kafa shi a 1420, babanni ke riƙe da shi, kuma sarki kaɗai suke ba wa rahoto. Shi ya sa za ka ga sadauki da takobi a ƙugu yana rawar jiki a gaban wanda bai fi shi ƙarfin damtse ba. Ɗan kallonmu ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin a Kano ma tun zamanin Muhammadu Rumfa aka fara ba babanni sarauta. Saboda haka ka ba su maganar fada: ranka ya daɗe, a gafarce ni, an gaishe ka. Kada na sake jin wani dogari ya ce wa ubangidansa "kai".

Abu na biyu, ka cika surutu a cikin masaukin. Na ji ka cusa barkwanci a wurin da aka kawo wa jarumi giya mai guba. Wurin nan kowa ya san kowa, kowa kuma yana yin kamar bai sani ba. Ana gaisawa, ana zuba wa juna abin sha, ido na kan hannu. Inda jarumi ya wurga kwanon taliya zuwa wani teburi ba tare da romo ya zube ba, magana ce ya yi musu, kuma sun ji. In ka ɗora taka a kai ka kashe ta. Ka bar ƙarar katako da gangar nan ta fito, daga wasan dandamalin Beijing aka ɗauko ta, ita ke gaya wa mai kallo cewa an kusa zare takobi. Barkwancinka ka ajiye shi sai an ba ka fim ɗin Indiya mai awa uku, can akwai fili.

Akwai kuma yarinyar da ta shigo da kayan maza. Mu mun ga mace ce, amma na cikin fim sun ɗauke ta namiji, don haka a bakinsu "shi" ce har sai asiri ya tonu.

Bakinsu ba zai taɓa dacewa da naka daidai ba, kada ka wahalar da kanka. Finafinan wannan zamani, har da na kamfanin Shaw Brothers a Hong Kong, yawanci sai an gama ɗauka ake ɗora musu murya a sutudiyo. Ka dai fara in ya buɗe baki, ka tsaya in ya rufe.

In kana son gane zamanin labarin irin waɗannan finafinai, sai ka riƙa duba kan 'yan wasa. In an aske goshi an bar doguwar jelar kitso a baya, zamanin Qing ne, bayan 1644, sarautar ƙabilar Manchu, kuma fansar galibi a kan masu mulki baƙi take. In gashi a ɗaure yake a tsakiyar ka, to Ming ne ko kafin nan, rigimar sau da yawa ta cikin gida ce, sharri da ƙage a kunnen sarki.

Gobe ka zo da wuri kafin a ɗauke wuta. Za mu fara daga fitowar bos ta farko, inda aka riƙe masa laima. Ka sauke muryar, ka ɗan siranta ta, ka ja kalmomin. Ihun ka riƙe shi sai faɗan ƙarshe, lokacin da jarumai suka yi masa gori da halittarsa. Nan ne kawai ya fita hayyacinsa.